Sunan Yaya Ne a Takarda

Buroshin ne ya fara faɗuwa. Ina tsaye kan benci ina shafa fenti a saman ƙofa na ji ya faɗa cikin bokiti, fenti ya fantsamo min a ƙafa. Na waiwayo zan yi wa Yaya tsiya, don nata ne, sai na ga ta jingina da bangon da muka gama shafewa yanzun nan, tana sulalewa ƙasa a hankali, bayan rigarta na kwashe farin fentin.

"Yaya! Lafiya?"

Ta ɗaga min hannu, wai in yi shiru. Bakinta a buɗe, tana fizgar numfashi kamar wadda aka tsamo daga ruwa. Leɓenta ya yi fari-fari, gumi na tsiyayowa ta ƙarƙashin ɗankwalinta, alhali ko rana ba ta yi zafi ba.

Na diro daga bencin. "Bari in kira Injiniya."

Ta cafke bakin zanena, riƙon da ban san tana da ƙarfinsa ba.

"Tela," ta ce da ƙyar, "in kika kira shi, kin kashe ni."

Sai tari ya sarƙe ta. Ta toshe baki da tsumman da muke goge hannu. Da ta janye shi na ga kumfa a jiki, ja-ja, kamar an ɗiga jini a ruwan sabulu. Ta dunƙule tsumman ta cusa ƙarƙashin cinyarta.

Daidai nan muka jiyo takun Injiniya a kan tsakuwa. Shi ne mai kula da ginin, kuma kullum sai ya zagaya gida-gida ya ga inda aiki ya kai. Ban san lokacin da na je na tokare bakin ƙofa ba.

"Masu fenti, ina aka kwana?"

"Saura bango ɗaya, Injiniya."

Ya leƙa ta saman kafaɗata. "A'a, Maman Doguwa, zama kika yi a ƙasa?"

"Warin fenti ne ya hau mata kai," na ce.

"To ku buɗe taga mana! Sau nawa zan faɗa muku?"

Yaya ta ɗago kai ta yi masa murmushi. Har yau ban san daga inda ta ciro murmushin nan ba.

"Injiniya, hutun minti biyun ma sai ka zo ka tsaya min a kai?"

Ya yi dariya. "Ke da kike riga mai gadi zuwa? Huta abinki. Amma bangon nan kin ɓata shi, sai an sake."

Muka jira har takunsa ya ɓace.

"Ɗaga ni," ta ce. "Ki yafa min mayafin ya rufe bayan rigar."

Ni da Yaya ba uwarmu ɗaya ba, ba ma garinmu ɗaya ba. Bango ne ya haɗa mu. Shekara goma sha ɗaya ɗakina na manne da nata a gidan haya mai ɗaki tara, famfo ɗaya, bayan gida ɗaya. In ta yi atishawa a ɗakinta, ni ke yi mata sannu daga nawa. Ɗinki nake a bakin ƙofata, shi ya sa kowa ke kirana Tela. Ita kuwa shara da goge-goge take a wata makarantar firamare, mijinta na gyaran takalma a bakin kasuwa. Su huɗu a ɗaki guda da labule a tsakiya: ita da shi, da Doguwa wadda ta gama sakandare a shekarar, da Auta 'yar shekara bakwai. Ƙarƙashin gadonsu buhunan tsofaffin takalma ne, ɗakin kullum warin gam. Yaya takan ce duk garin nan ita kaɗai ce macen da ke kwana a kan ƙafafun mutum ɗari.

Shekara biyu kafin wannan rana ta ji labarin ƙungiyar. Ba ta gwamnati ba ce, ba kuma ta 'yan kasuwa ba. Ƙananan gidaje take ginawa a bayan gari don masu ƙaramin ƙarfi, ɗaki biyu da kicin da bayan gida. Ba kyauta ba ne, za ka riƙa biya kaɗan-kaɗan duk wata, abin da bai kai kuɗin haya ba, har gida ya zama naka. Amma kafin a ba ka, sai iyalinka sun yi awa ɗari uku a wurin ginin, kuna taya wasu suna taya ku. Dangi da abokai na iya sa hannu, shi ya sa nake bin ta duk Asabar. Ɗaya sharaɗin kuma, wanda sunansa ke takarda sai yana da aikin da ake biyansa duk wata. Mai gyaran takalma kuwa yau ya samu gobe ya rasa. Saboda haka sunan Yaya ne a takarda.

Ana cikin haka mai gidanmu ya sayar da gidan. Wanda ya saya ya aiko a gaya mana shaguna zai gina, mu tashi nan da wata huɗu. Ni ina da inda zan raɓa, wurin wana. Su Yaya ba su da kowa a garin. Ko gidan ƙungiya, ko titi.

Ga kuma labarin mai burodi. Duk matan da ke zuwa wurin ginin sun san labarin, ko da yake ba wadda ta taɓa sa mutumin a ido. Wai har an yi wa gidansa rufi, sai gidan burodin da yake aiki ya rufe, ƙungiya ta cire sunansa ta ba wani. In za a ba da labarin, murya ƙasa-ƙasa ake yi, ana waige-waige.

"Kin gane ko?" Yaya ta ce min a motar komawa gida ran nan. Ta kwantar da kai jikin gilashi, idonta a rufe. "In suka ji ba ni da lafiya, za su ce aikin nawa ma ya kusa tsayawa. Wa zai ba gawa gida?"

"Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

"Saura wata biyu a ba da makulli. Ki rufa min asiri na wata biyu kawai. Bayan nan ko shekara aka ce in yi a gadon asibiti, na yarda."

"Baban Doguwa fa?"

"Shi ne ma na farkon wanda ba zai ji ba. Bawan Allah nan bai iya ƙarya ba. Ko kuɗin gyara ya ɗan ƙara wa mutum, sai hancinsa ya yi gumi."

Na ce zan yi shiru, amma sai in za ta bi ni asibiti.

Ran Litinin bayan an tashi makaranta muka tafi wani asibiti can ƙarshen gari, inda ba wanda ya san mu. Likitan ya daɗe yana sauraron ƙirjinta. Ya danna babban yatsansa a ƙwaurinta, da ya ɗaga sai ramin ya zauna, kamar an danna kwaɓaɓɓiyar fulawa. Ya tura mu hoto, muka dawo.

"Mama, filo nawa kike tarawa kafin ki iya barci?"

"Uku."

"Tun yaushe?"

Ta sunkuyar da kai. "Tun bara."

Tun bara! Ni da bango kawai ya raba mu, ban sani ba.

"Zuciyarki ta gaji," in ji shi. "Ta kumbura, ba ta iya tura jini yadda ya kamata, ruwa na taruwa miki a huhu. Gado zan ba ki yau."

"Ba zai yiwu ba, likita."

"To aikin dai ki ajiye shi. Ba ɗaukar bokiti, ba hawa bene, ba sunkuyo. Zan rubuta wa wurin aikinki takarda."

"Don Allah kar ka rubuta."

Ta san kafin a ba da makulli sai ƙungiya ta tuntuɓi makaranta ta ji ko har yanzu tana bakin aiki. Likitan ya ajiye biro ya juyo wurina.

"Ke ƙanwarta ce? To ki ji da kunnenki. Irin wannan zuciya in an lallaɓa ta tana iya kai shekaru. In aka matsa mata, tana iya tsayawa ana cikin hira."

Ya rubuta magunguna. A ɗakina muka ɓoye su, cikin gwangwanin da nake tara maɓallai, don kar mijinta ya gani. Safe da yamma sai ta leƙo wai ta zo aron zare, ta haɗiye ta fita.

Daga ranar ban ƙara sanin kwanciyar hankali ba. Da safe kunnena na jikin bango, ina jiran in ji ta ja bokiti daga ƙarƙashin tebur. In ta makara ko da minti biyar ne, sai in ƙwanƙwasa mata bangon. Da rana ina cikin taka keke sai in tsaya cak, wai na ji an kira ni, alhali ba kowa. Na haɗa wa wata mata hannun riga a baibai har sau biyu, ta kwashe kayanta ta kai wani wuri. Ran Asabar a wurin gini ni ke ɗaukar bokiti, ni ke hawa benci. Yaya na zaune kan bulo a bayan ƙofa da buroshi a hannu, da mun ji takun Injiniya sai ta miƙe ta fara shafawa. Na sha cewa ta zauna a gida ni in je.

"In bai gan ni ba zai tambaya," take cewa. "In ya tambaya, magana ta kai ofis."

Doguwa ta fara bin ta makaranta da sassafe tana ɗaukar mata ruwa zuwa azuzuwan sama. An ce mata ciwon gwiwa ne. Amma na lura yarinyar ta daina dariya.

Wata rana da yamma Baban Doguwa ya zo bakin kekena da wando a hannu, wai aljihu ya yage. Mutum ne da a shekara goma sha ɗaya bayan gaisuwa ba abin da ya taɓa haɗa mu. Maimakon ya ajiye ya tafi, sai ya zauna a kan dakali.

"Tela, takalmin yayarki ya daina shigarta. Sau biyu ke nan ina faɗaɗa mata shi."

Na kama zare ina neman kafar allura.

"Ni ba abin da na sani a duniya sai ƙafa," ya ce. "Shekara talatin ina kallon ƙafafun mutane. Wannan ba kumburin tsayuwa ba ne. Ta gaya miki wani abu?"

"Ta ce min gwiwa ce."

"Gwiwa."

"Haka dai ta ce."

Da ya ƙara tambaya sau ɗaya tak, wallahi da na faɗa masa. Sai ya dafa gwiwoyinsa ya miƙe.

"To, Allah ya sawwaƙe," ya ce, ya tafi da wandonsa a hannu.

Da Yaya ta shigo aron zarenta na yamma, ta ce ta ji komai ta bayan labule, ta gode.

"Kar ki gode min," na ce. "Yaya, tsoro nake ji."

"Ni ma," ta ce, ta kora maganin da ruwa.

Saura wata guda aka aiko cewa ma'aikaciyar ƙungiya za ta zo ziyarar ƙarshe. Malama muke kiranta, wata siririya mai tabarau da jakar takardu. Ranar Yaya ta tashi jiki ba daɗi, ko daga ɗaki zuwa famfo sai ta huta sau biyu. Na zaunar da ita a bakin gado, na cusa filo a bayanta na rufe da mayafi. Na shafa mata hoda, na sa mata jan baki don ya ɓoye farin leɓen, na ɗaura mata zani ya sauko har ƙasa. Mijinta yana kasuwa, da gangan ta ƙi gaya masa ranar.

Malama ta zauna a kujera ɗaya tilo da ke ɗakin, ta buɗe jaka. Tana tambaya Yaya na amsawa da kalma ɗaya ko biyu, don dogon zance na cinye mata numfashi. Ni kuwa na zama rediyo, duk inda shiru ya so shiga sai in cike shi da surutu. Na yi zancen tsadar zare, na yi zancen famfo, har zancen karen maƙwabta na yi.

"Auta, kina murna za ki samu ɗaki ke da yayarki?" Malama ta tambaya.

"E. Mama ma za ta samu wurin kwanciya. Yanzu a zaune take barci."

Na ƙyalƙyale da dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Buhunan takalman nan ne, Malama, sun tokare katifa ta yi tudu. Kowa ya hau gadon nan sai ya zauna."

Malama ta yi ɗan murmushi. Sai murfin bironta ya suɓuce ya gangara bakin gado. Kafin in kai hannu ta riga ta sunkuya. Na ga inda idonta ya sauka: zanin ya ɗan ja sama, ƙafafun Yaya sun fito, sun yi suntum suna sheƙi, yatsun kamar an hura su.

Ta ɗago a hankali.

"Maman Doguwa, ƙafarki ta kumbura sosai."

"Tsayuwa ce, Malama."

"Kin tabbata lafiyarki ƙalau? In da wani abu, ki gaya min."

Yaya ta ja numfashi ta hanci, ta riƙe shi, ta dube ta ido cikin ido.

"Lafiyata ƙalau."

Malama ta rubuta wani abu a takarda, ta rufe jaka, ta yi mana sallama. Tana fita Yaya ta kife a kan cinyata tana haki.

"Me ta rubuta? Tela, kin ga abin da ta rubuta?"

Ban gani ba. Daga ranar ko wayarta ta yi ƙara sai ta zabura, ta miƙo min in duba ko daga ofis ne.

Kwana takwas bayan haka, ran Talata da azahar, wata malamar makarantarsu ta kawo ta gida a mota. Wai a kan matakala aka same ta zaune da tsintsiya a hannu. Doguwa ta je kai wa babanta abinci. Na tallabe ta zuwa bakin ƙofarta, ta ƙi shiga, ta ce ɗakin ba iska. Ta zauna kan kujerar tsugunno, ta dafa gwiwoyi, ƙirjinta na ƙara kamar tukunya na tafasa. Auta ta ɗauko kwali tana yi mata fifita da hannu biyu.

Na fita titi da gudu ba ko takalmi. Tasi uku suka wuce ni a cike, ta huɗu na tsaya a gabanta. Ni da direban muka ɗauko ta, na bar Auta wurin matar ɗakin ƙarshe tana ihu tana fizge-fizge.

A kujerar baya na rungume ta a zaune. Mun kai rabin hanya muka tarar da cunkoso, wata babbar mota ta lalace a tsakiyar titi. Direban ya danna oda, ya leƙa ta taga yana roƙo, "Mara lafiya ne! Ku ba mu hanya don Allah!" Ba wanda ya motsa, ba inda za a motsa.

"Tela."

"Na'am, Yaya. Yi shiru, mun kusa."

"Gobe... ki je makaranta. Ki ce zazzaɓi ne."

"Zan je."

"Ki ce jibi... zan dawo."

"Zan faɗa. Wallahi zan faɗa."

Ta kwantar da kai a kafaɗata. Ina jin tafasar nan a ƙirjinta, ina ƙirga ta, har na zo na ƙirga ban ji ta gaba ba. Na girgiza ta. Na kira sunanta na gaskiya, wanda ban taɓa kira ba. Direban ya dube mu ta madubi, ya ɗauke hannunsa daga kan oda. Wani mai tallan ruwa ya ƙwanƙwasa gilashi, ya leƙo, ya ja da baya.

A asibiti Baban Doguwa ya same mu. Ya shigo da gudu, Doguwa na bayansa, takalmin wani mutum a hannunsa da allura a soke a jiki. Da ya ga fuskata sai ya gane. Ya nemi bango ya jingina.

Saura mako uku ta shiga gidanta.

Bayan an kai ta, mutane sun watse, tsoro ya dawo ya zauna mana a tsakar gida. Wa'adin mai shaguna na matsowa, har an fara sauke yashi a ƙofar gida. Ran kwana na biyar Baban Doguwa ya yi sallama a ƙofata.

"Tela, raka ni ofishinsu. Ni kaɗai ba zan iya buɗe baki ba."

Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kanti. Muka zauna a benci, shi yana ta murza hularsa a hannu. Da Malama ta fito ta gan mu mu biyu, sai ta tsaya. Ta shigar da mu, ta rufe ƙofa. Ni na faɗi komai, tun daga ranar fenti har ranar tasi. Ban rage ƙarya ko ɗaya cikin waɗanda na yi ba. A gabanta shi ma ya fara jin labarin likita da gwangwanin maɓallai.

Malama ta cire tabarau ta rufe ido da hannu.

"Na ga ƙafar," ta ce. "Abin da na rubuta ran nan shi ne a ɗauke mata sauran aikin gini. Ina jiran a sa hannu ne in kira ta. Rashin lafiya ba ya cire mutum a wurinmu. Da ta faɗa, da an bar ta ta kwanta, wasu su ƙarasa mata."

"Mai burodi fa?" na ce. "Wanda kuka cire?"

"Wane mai burodi?"

Na ba ta labarin. Ta girgiza kai.

"Akwai wani mai aikin burodi, shekara uku da suka wuce. Shi ya zo da kansa ya ce a cire shi, ya samu aiki a wani gari."

Na riƙe bakin tebur.

"Amma ba zan ɓoye muku ba," ta ci gaba, "maganar albashi tana nan. Sunanta ne a takarda, kuma ba ta. Sai kwamiti ya zauna. Zan tsaya muku iya ƙarfina, amma ba zan yi muku alkawarin abin da ba a hannuna yake ba."

A hanyar komawa muka yi tafiya mai nisa. Ina jiran ya zage ni, ko ya ce kar in ƙara taka ƙofarsa. Da ya yi haka da na fi jin sauƙi. Sai da muka kai kwanar layinmu ya tsaya.

"Na sani, Tela," ya ce, bai dube ni ba. "Gado ɗaya muke kwana. Ran da na zo wurinki, addu'a nake ki ce min gwiwa ce."

Mako biyu muka yi muna jira. Aka ba sauran iyalai gidajensu, na su Yaya ya zauna a kulle. A gidanmu ɗakuna suka fara zama kango, kowa ya tashi sai ma'aikata su cire ƙofa da taga. Auta ta daina yarda ta shiga bayan gida ita kaɗai. Doguwa kuwa, ba ta yi shawara da kowa ba, ta je wurin shugaban makarantar ta ce a ba ta tsintsiyar uwarta, ai ta san kowane aji da kowane lungu. Ya ɗauke ta, ya ba ta takarda ta kai wa Malama. Aka kira ni gaban kwamiti in ba da shaidar sana'ar Baban Doguwa. Mutum biyar a bayan dogon tebur, amma ranar gaskiya kawai na faɗa.

Ran Alhamis Malama ta kira. An yarda, sunan uba da 'ya za a sa.

Ran Asabar muka loda kaya a motar wani mai ɗaukar kayan kasuwa: gado, tebur, kujerar nan guda ɗaya, tukwane, da buhunan takalma. Malama da Injiniya na jiranmu a ƙofar gidan. Injiniya ya yi wa Baban Doguwa gaisuwa, ya je ya kama sauke gado. Auta ta ruga ciki tana kiran "Kai! Kai!" a kowane ɗaki don ta ji bango na amsa mata.

Makulli biyu ne a zare ɗaya, na miji da na mata. Baban Doguwa ya tsaya a bakin ƙofa yana jujjuya su a tafin hannu. Can ya kwance zaren da haƙori, ya sa ɗaya a aljihu, ya miƙa wa Doguwa ɗayan.

Rigarta ba aljihu. Ta duba nan, ta duba can, sai ta dunƙule shi a hannun hagu. Haka ta wuni tana jigilar kaya daga mota zuwa kicin da hannu ɗaya, tukunya ɗaya-ɗaya, kwano ɗaya-ɗaya, ɗaya hannun a dunƙule a ƙirjinta.